Ruwa Ya Fi Wuta Lalata Bututun Hayaƙi

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani sashe na gida wanda masu gidaje ba su cika waiwayarsa ba sai ranar da ya jawo musu asara, wato bututun hayaƙi da ake ginawa da bulo ko dutse, wanda yake tasowa daga murhu ya ratsa rufi ya fita sama. Na shafe shekaru masu yawa ina aikin gini, kuma kaso mai tsoka na aikin da ya zo hannuna gyaran irin wannan bututu ne, saboda haka abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga hawa tsani da tsayuwa a kan rufi. Idan aka tambayi mai gida abin da yake jin zai kashe bututunsa, zai ce wuta, domin ita yake gani kullum a gindinsa. Ni kuwa abin da idona ya gane mini shi ne ruwa ya fi wuta cin bututu nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikin hatsarin gobara da na hayaƙi da ake ɗora wa bututu, idan aka bi sawunsu za a tarar ruwa ne ya fara buɗe musu ƙofa, ko dai ruwan sama daga waje, ko kuma ruwan da yake cikin hayaƙin kansa.

Dalilin hakan a fili yake ga wanda ya tsaya ya dubi inda bututun yake. Kowane bango na gida yana da rufi da ke kare kansa, kuma fuska ɗaya kawai yake bai wa ruwa da iska, amma sashen bututu da ya zarce rufi yana tsaye ne shi kaɗai, fuskokinsa huɗu da kansa duk a buɗe, rana ta gasa shi, ruwa ya jiƙa shi, iska ta buge shi ta kowane ɓangare. Ga shi kuma cikinsa yana ɗaukar zafi a daidai lokacin da bayansa yake shan sanyi, bulo ya buɗe idan ya yi zafi ya tsuke idan ya huce, yau da gobe har gaɓoɓinsa su saki. Bulo da kwaɓin da ke riƙe da shi kuwa dukansu masu shan ruwa ne, ko da yake ido ba ya ganin ƙofofin da ruwan yake bi. A ƙasashen da sanyi yake kaiwa ga daskarar da ruwa ɓarnar ta fi sauri, saboda ruwa idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya tura fuskar bulon ta ɓantare. Inda babu irin wannan sanyi ma ruwan ba ya rasa abin yi, domin yana narkar da gishirin da ke cikin bulo ya fito da shi, gishirin ya bushe a fuska ko a ƙarƙashinta ya riƙa marmashe ta. Wannan farin gari da ake gani a jikin bututu kamar an barbaɗa masa toka shi ne shaidar farko cewa ruwa yana shiga yana fita, kuma goge shi da buroshi ba ya hana shi dawowa muddin ba a toshe hanyar ruwan ba.

Akwai wani gida da aka taɓa kirana, inda tabon danshi ya fito a bangon ɗakin sama, daidai inda bututu ya ratsa. Mai gidan ya sa an yi fenti har sau uku tabon yana dawowa, daga baya ya kira mai gyaran rufi ya canza masa kwano biyu, ya kuma lafta kwalta a gindin bututun, amma da ruwan sama ya sake sauka sai tabon ya ƙara faɗi. Da na hau, ban yi minti biyar ba na ga inda gizo yake saƙar. Daɓen da ke kan bututun ya tsage gida uku, tsaga ɗaya har ɗan yatsana yana shiga, ciyawa ma ta tsiro a cikinta. Na taɓa bulon sahun sama sai ya motsa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, na ɗaga shi da hannu ba guduma ba cizal, na tarar kwaɓin da ke ƙarƙashinsa ya koma jiƙaƙƙen yashi. Sai da muka sauke sahu bakwai kafin mu kai ga bulo mai ƙwari. Ruwan yana shiga ne ta ka, ya gangara ta cikin ginin, ya wuce rufi ya fito a ɗaki, ke nan duk abin da aka kashe a fenti da kwano an zuba shi ne inda ciwon ba ya nan.

Wannan daɓe na kan bututu shi ne abin da magina suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sau da yawa birkila yana kaiwa sahun ƙarshe ne a gajiye, sai ya kwashi ragowar kwaɓin da ya yi gini da shi ya shafe kan bututun da cokali ya sauko, alhali kwaɓin ɗaura bulo ba a yi shi don ya kwanta a fili yana shan rana da ruwa ba. Abin da ya kamata shi ne a zuba kankare sosai, da tsakuwarsa, kaurinsa kada ya gaza santimita 5 a bakin da ya fi siranta, a karkata shi yadda ruwa zai gangara waje, a kuma bar shi ya zarce fuskar bulo da kimanin santimita 5 ta kowane gefe. A ƙarƙashin wannan leɓe da ya zarce ana yanka ɗan siririn kwari, domin ruwa yana da halin bin ƙarƙashin abu ya komo jikin bango, amma idan ya iso kwarin sai ya ɗiga ƙasa. Haka kuma ba a manne kankaren da bututun ciki wanda hayaƙi yake bi, saboda shi yana miƙewa idan ya yi zafi, in an ɗaure su tare sai ya fasa daɓen. Ana barin 'yar tazara ne a cike ta da abin liƙi mai laushi da ke jure zafi. Sannan a kafa wa bakin bututun hular ƙarfe mai raga a gefe, wadda take hana ruwan sama faɗawa ciki kai tsaye, ta hana tsuntsaye yin sheƙa, ta kuma tare tartsatsin wuta. Na sha ciro sheƙar tsuntsu da ta cika bokiti daga maƙogwaron bututu, mai gida yana ta mamakin yadda hayaƙi yake komowa ɗaki.

Daga kai sai gaɓoɓin bulo, kuma a nan ne nake so in fi tsayawa, domin a nan ne gyara yake zama ɓarna. Kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo an yi shi ne ya fi bulon laushi, yadda duk motsin da ginin zai yi da duk danshin da zai fita su bi ta cikinsa, shi ya ci wuya bulo ya tsira. Saboda haka zaizayewar gaɓa bayan shekaru masu yawa ba abin tsoro ba ce, aikinta ta yi, sabunta ta kawai ake yi. Matsalar tana tasowa ne wajen abin da ake sabunta ta da shi. Simintin da muka sani a yau asalinsa yana komawa ga Joseph Aspdin, wani birkila a birnin Lids na Ingila, wanda ya yi rajistar fasaharsa a shekarar 1824, kuma sai da aka ɗauki shekaru masu yawa bayan haka kafin ya zama ruwan dare a aikin bulo. Gine-ginen da suka riga yaɗuwarsa da laim aka ɗaura su, wato farin garin da ake samu idan an gasa dutsen farar ƙasa, kuma bulonsu ya fi na zamani laushi da shan ruwa. Idan aka zo aka cusa wa irin wannan tsohon bututu kwaɓin siminti mai ƙarfi, gaɓar ta fi bulon tauri, danshi ya rasa hanyar fita sai ta jikin bulon, nauyin motsi ma ya koma kansa. Bayan 'yan shekaru sai ka ga layukan siminti suna tsaye ƙyam, bulon da ke tsakaninsu ya rarake ya zama rami kamar saƙar zuma. Garin neman gira an rasa ido, domin gaɓa ana iya sabunta ta, amma bulon da ya mutu sai dai a cire shi.

Don haka tsohon gini da laim ake gyara shi, sabon bulo mai ƙwari kuwa yana karɓar kwaɓi matsakaici, wanda aka saba haɗawa da awo 1 na siminti, 1 na laim, 6 na yashi. Yadda ake aikin ma yana da muhimmanci kamar abin da aka kwaɓa. Ana ƙwaƙule tsohon kwaɓi ne har zurfin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin gaɓar, ko har a kai ga mai ƙwari, a share ƙura, a yayyafa ruwa yadda bulon ba zai tsotse ruwan sabon kwaɓin ba, sannan a riƙa cusa shi kaɗan-kaɗan ana dannawa, a bar kowane kashi ya ɗan kama kafin a ƙara wani. Idan ya fara tauri sai a goge bakinsa da ƙarfe ya yi ɗan lotsawa, yadda ruwa ba zai sami wurin kwanciya ba. Ba a yin wannan aiki a tsakar rana mai zafi ba tare da an lulluɓe shi ana jiƙawa ba, ba a kuma yin sa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, saboda a hali na farko zai bushe kafin ya nuna, a na biyu kuma ƙanƙara za ta kashe shi. Abin da nake yawan tararwa shi ne an bi layukan an shafe su da yatsa ko da bakin cokali ba tare da an ƙwaƙule komai ba. Daga ƙasa aikin yana da kyaun gani, amma ɓawo ne kawai a kan ruɓaɓɓen ciki, kuma kafin shekara biyu ya fara zuba a kan rufi. Injin yankan dutse kuma, ko da yake yana rage wahala, a hannun mai gaggawa yana cin gefen bulo ya faɗaɗa gaɓa, shi ya sa a tsohon gini na fi son cizal da haƙuri.

Mahaɗar bututu da rufi ita ce ƙofa ta uku. Bututu yana zaune a kan harsashinsa, rufi kuma yana kan katako, kowanne da irin motsinsa, don haka duk abin da aka manna musu a tsakani wanda ba ya ba da kai sai ya tsage. Hanyar da ta dace ita ce a yi amfani da fallen ƙarfe hawa biyu, na dalma ko jan ƙarfe ko wanda ba ya tsatsa. Na ƙasa ana saƙa shi da rufin ya tanƙwaro ya jingina da bulo, na sama kuwa ana tura bakinsa cikin gaɓar bulo a liƙe, ya sauko ya lulluɓe na ƙasan ba tare da an haɗa su da ƙusa ba, sai kowanne ya motsa da abin da yake riƙe da shi, ruwa kuma bai sami hanya ba. Idan bututun yana da faɗi, kamar ya wuce santimita 75, kuma rufi yana gangarowa ta bayansa, ana gina masa ɗan tudu mai kama da sirdi wanda zai raba ruwa gida biyu, in ba haka ba ganye da ƙasa su taru a nan su riƙe danshi. Kwalta da ake laftawa a wannan wuri rana tana busar da ita ta tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya maƙale a bayanta, ga shi kuma tana ɓoye ɓarnar daga idon wanda zai zo dubawa. Fentin mai da wasu suke shafa wa bulo don ya hana ruwa shi ma haka yake, yana kulle danshi a ciki. Idan lallai sai an shafa wani abu, akwai ruwan magani da bulo yake sha wanda yake kore ruwan sama amma yake barin tururi ya fita, shi ma sai bayan an gama gyaran tsaga da gaɓa, domin ba ya cike rami.

Yanzu kuma bari in shiga cikin bututun, inda ruwan yake zuwa ta wata siga. Bututu yana jan hayaƙi ne saboda iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, kuma gwargwadon tsayinsa da zafin cikinsa, gwargwadon ƙarfin jansa. Itacen da aka saro yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma ba ya dacewa da murhu sai danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, abin da yake ɗaukar watanni da yawa yana ajiye a inda iska take ratsa shi. Idan aka ƙona ɗanye, zafin wutar yana ƙarewa ne wajen tafasa ruwan da ke cikinsa, hayaƙin ya tashi da sanyi da nauyi, da ya haɗu da bangon bututu mai sanyi sai ya yi gumi ya manne. Da farko kunkunniya ce mai laushi wadda buroshi yake kaɗewa. Idan aka bar ta sai ta zama ɓawo mai ƙaiƙayi, daga nan ta koma wani baƙin abu mai sheƙi kamar daskararriyar kwalta wanda buroshi ba ya yi masa komai. Rufe ƙofar iskar murhu domin wuta ta kwana tana ci a hankali shi ma yana haifar da wannan abu, ko da itacen busasshe ne. Masu sana'ar sharar bututu suna cewa da zarar kaurinsa ya kai milimita 3 lokacin shara ya yi, idan kuwa mai sheƙin ne ba a jira ya kai hakan.

Wannan baƙin abu makamashi ne, ranar da ya kama kuwa zafin da ke cikin bututun yana iya haura digiri 1,000. Wani lokaci ana jin rurinsa kamar jirgi yana wucewa, tartsatsi yana fita ta sama, wani lokaci kuma yana cinyewa shiru ba wanda ya sani. Bututun da aka gina bisa ƙa'ida yana da abin da nake kira rigar ciki, wato jerin bututun gasasshen yumɓu, kowanne tsawon kimanin santimita 60, da aka ɗora ɗaya kan ɗaya daga murhu har sama. Yumɓu yana jure zafin yau da kullum, amma idan cikinsa ya yi zafi farat ɗaya bayansa yana da sanyi sai ya tsage a tsaye. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, to a nan ƙadangaren zafi ne da hayaƙi, wurin da suke shiga kuwa shi ne tsakanin bulo da katakon rufi. Ƙa'idar gini a Amurka ta tanadi a bar tazarar inci 2, wato kimanin santimita 5, tsakanin bututun da ke cikin gida da duk wani katako, kuma hikimar ita ce katakon da ya daɗe yana shan zafi yana bushewa ya sauya, har ya kai yana kamawa a zafin da bai kai wanda zai kama sabon katako ba. Saboda haka bututun da ya taɓa kamawa ba a sake hura masa wuta sai an zura kyamara an duba cikinsa daga sama har ƙasa. Idan rigar ta tsage, ko kuma tun asali babu ita kamar yadda yake a tsofaffin gidaje da yawa, ana zura sabuwa ta ƙarfen da ba ya tsatsa a kewaye ta da abin riƙe zafi, ko kuma a zuba wani kwaɓi na musamman a kewayen wani abu mai kama da balan-balan da ake cirewa bayan ya kama.

Abin da ya fi gobara ban tsoro a wurina shi ne iskar kabon monoksaid, saboda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sama da sau 200. Alamominta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abubuwan da kowa zai iya ɗauka mura ce ko gajiya, wanda yake barci kuwa ba ya jin komai. Bututun da sheƙa ko ɓaraguzan bulo suka toshe, ko wanda ya tsage a inda ya ratsa ɗakin kwana, yana iya mayar da ita cikin gida. A nan ina so in ja hankalin masu haɗa na'urar ɗumama ɗaki ko ta dafa ruwa mai amfani da gas da tsohon bututun da aka gina don itace ko kwal. Suna ganin tun da gas ba ya kunkunniya, an huta da duba bututu. Gaskiyar ita ce kowace kubik mita 1, wato lita 1,000, ta iskar gas da aka ƙona tana fitar da ruwan da ya haura lita 1 da rabi a matsayin tururi, hayaƙinta kuma bai kai na itace zafi ba, sai ya shiga ƙaton maƙogwaro mai sanyi ya koma ruwa, ya haɗu da farar wutar da tsohuwar kunkunniya ta bari ya zama asid yana cin ginin daga ciki. Dole a zura rigar ciki daidai girman na'urar, a kuma kafa ƙararrawar da ke jin wannan iska kusa da ɗakunan kwana.

Wannan haɗuwa ta danshi da farar wuta ita ce kuma take sa wasu tsofaffin bututu su karkace kamar an tanƙwara su da hannu. Kwaɓin ɓangaren da ruwan sama ya fi duka yana kumbura fiye da na ɗaya ɓangaren, sahu bayan sahu, sai kan bututun ya sunkuya ya juya wa ruwan baya. Irin wannan ba ya gyaruwa da cike gaɓa, sai an sauke shi zuwa inda yake a miƙe a sake ɗorawa. Idan kuwa bututun gaba ɗaya ne yake rabuwa da bangon gida, har ana ganin haske a tsakaninsu, to matsalar tana harsashi, kuma injiniya ya kamata ya gani kafin birkila. Ɗaure shi da waya ko sandar ƙarfe a jikin gida jinkirta faɗuwa ne kawai, wani lokaci ma yana jawo bangon tare da shi. Wanda zai sake ɗora bututu kada ya rage masa tsayi don tsimin bulo, domin ma'aunin da aka saba bi shi ne ya zarce inda ya huda rufi da aƙalla santimita 90, ya kuma fi duk wani sashe na gidan da ke cikin mita 3 da shi tsayi da santimita 60, in ba haka ba iskar da ke birkicewa a kan rufi za ta riƙa danno hayaƙi ƙasa.

Bututun da aka daina amfani da shi ma yana bukatar kulawa. Kuskuren da ake yi shi ne a toshe shi ruf sama da ƙasa, sai danshi ya taru a ciki ya jiƙa tsohuwar kunkunniya, ta ratso filasta ta zama tabo mai ruwan ƙasa da wari. Ana share shi ne tukuna, a sa masa hula mai barin iska ta wuce, a bar 'yar taga a ƙasa. Mafi muni shi ne a rushe sashen da ke cikin ɗaki don a sami fili, a bar na sama yana rataye a kan katakon silin ba tare da an tallafe shi da ƙarfe ba.

Ƙungiyar rigakafin gobara ta Amurka da aka sani da NFPA, a kundinta mai lamba 211, ta ce a duba bututu aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ban ga dalilin da zai sa mai gida a ko'ina ya yi ƙasa da haka ba. Akwai abin da zai iya yi da kansa ba tare da ya hau ko'ina ba: ya tsaya daga nesa ya duba ko bututun a miƙe yake, ya duba ko akwai gutsattsarin bulo a kan rufi ko a ƙasa, ya haska tocila daga murhu ya ɗaga madubi ya ga ko hasken sama yana isowa, ya lura ko yashi ko ɓallin yumɓu suna faɗowa cikin toka, ya shiga tsakanin silin da rufi bayan an yi ruwa ya taɓa katakon da ke kewaye da bututun. Hawa kan rufi kuwa a bar wa mai kayan aiki, kuma kada kowa ya jingina tsani ko ya ɗaura igiya a jikin bututun da bai tabbatar da ƙwarinsa ba. Ita kanta kunkunniya ba abin wasa ba ce ga mai share ta. Tun a shekarar 1775 wani likitan fiɗa a Landan, Percivall Pott, ya gano alaƙarta da wata cutar daji da take kama waɗanda aka riƙa tura su cikin bututu tun suna yara, kuma sai a 1875 dokar Ingila ta kawo ƙarshen wannan mugun aiki. Don haka mai shara ya rufe hancinsa da abin tace ƙura na gaske, ya sa safar hannu, ya wanke jikinsa da tufafinsa bayan aiki.

Ga wanda zai ɗauki magini, shawarata ita ce ya nemi a ɗauko masa hoton kan bututun kafin a fara aiki, da lokacin da aka ƙwaƙule gaɓoɓi kafin a cike su, da kuma bayan an gama, tun da yanzu kowa yana da waya a aljihu kuma wannan aiki ne da mai shi ba ya iya gani daga ƙasa. Ya tambayi abin da za a kwaɓa da dalilin zaɓensa, ya tambayi zurfin da za a ƙwaƙule, ya kuma tambayi yadda za a yi da mahaɗar rufi. Idan amsar ita ce siminti mai ƙarfi da kwalta, ya nemi wani. Mai gidan da na ba da labarinsa a sama na aika masa hoton tsagar nan da ciyawarta tun ina kan rufin, kuma sai da ya gani ya yarda a sauke bulon maimakon a yi fenti na huɗu.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani tsohon magini